Taken da Aka Kasa Rufewa

Yaran gidana sun riga sun yanke mini hukunci, wai ni tsoho ne mai ƙin kiɗi. Abin da ya jawo maganar kuwa, ranar sunan jikanyata aka ɗauko wani saurayi daga Bagudo da akwatunan lasifika ɗaure a bayan babur. Ya jibge su a ƙofar gidana, ya tada janareto, ya saki wani abu da har cikin haƙoran mutum yake shiga. Sa'an nan ya kama kiran sunayen jama'a ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da kiɗi guda. Wanda ya yi wa mai sayar da fetur a kwalba shi ya yi wa ungozoma, shi ya yi wa wani baƙo da ya tsaya shan ruwa kawai. Da ya iso kaina, ya ma kuskure sunan ubana, sai na naɗe tabarmata na gangara bakin gulbi, ban dawo ba sai da aka watse. Uwar 'ya'yana ta ce na ba ta kunya gaban surukai. Wataƙila na ba ta. Amma batun ƙin kiɗi, wannan ƙarya ake mini. Haushi nake ji, kuma haushin nan ya girmi duk masu yi mini dariya.

Ƙauyenmu na masunta ne, a bakin Kwara, in ka bar Bagudo ka nufi wajen iyaka. Mu ba zakara ke tashinmu ba, ƙarar filafili ce idan ya bugi gefen jirgi, da kwarfar ruwa da ake yi da sakaina kafin a tura. Hantsi na yi sai ka ji wuƙaƙen mata suna kankare karfasa, wata na jan waƙa wasu na amsawa, ba don kowa ya ji ba sai don aiki ya tafi. Ga hayaƙin banda da ya zauna cikin tufafinmu, ko an wanke ba ya fita, a kasuwar Kende tun kafin ka buɗe baki an san daga inda ka fito. Aikinmu mu samari shi ne saro itacen banda, da sa koto a ƙugiyoyin mamari har yatsu su yi tsami, da ɗinkin taru a inuwa. Babanmu ba ya son a yi ɗinki ana surutu. Yakan ɗaga tarun ya leƙa, ya nuna maka wuri ya ce nan ne ka yi hira, kuma ta nan kifi zai fita. Yau samarinmu ba su san ɗinkin taru ba. Sabo suke saye, ya yage su yar, kunnuwansu kuma a toshe da igiyar waya, ko jirgi ya biyo ta kansu ba za su ji ba. Kwatar jirage da muka taso muna wasa a kai ta zama tashar babura, jarkoki ko'ina, kowa da waƙar da ke fita daga aljihunsa, ba mai jin ta wani.

A wancan zamani muna da makaɗi guda, Baba Tunau, manya na ce masa Sarkin Kiɗi. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, da ganga ɗaya da ya gada. Yakan je biki in an kira shi, amma aikinsa na gaske a kwata yake, inda jirage ke tsayawa. Idan ruwa ya ja baya, mazan gari sukan tafi kamun kifi mai nisa, wasu sama wajen ƙasar Dandi, wasu ƙasa wajen Yawuri, su yi makonni ba labari. Ba waya, ba saƙo sai in an dace da matafiyi. To kowane magidanci mai jirgi yana da takensa, kiɗin da nasa ne shi kaɗai. Baba Tunau na zaune kan tudun kwata da gangarsa yana hangen ruwa. Tun jirgi yana ɗan baƙi-baƙi can nesa yake gane mai shi, daga yadda mutum ke tsayuwa da sandar tuƙi. Sai ya ɗauki gula, sandar bugun ke nan, ya buga takensa. Matar da ke can cikin gida ba ta bukatar a gaya mata komai, kwandonta za ta sura ta fito. Mu yara tun ba mu iya ɗaura wando ba muka san taken iyayenmu. Na babanmu mai zafi ne, yana farawa da sauri-sauri, ya tsaya cak, sa'an nan ya zubo gaba ɗaya. Inna ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, amma idan tana cikin nishaɗi za ka ji tana ƙwanƙwasa taken nan da yatsa a bayan ƙwarya, in ka dube ta ta ce mi kake kallo. Ladan Baba Tunau kifi ne daga kowane jirgi, kuma abin kunya ne a miƙa masa ƙarami.

Take kuma yana da ranar rufewa, nan ne maganata take. Idan mai take ya rasu, ba a kiɗi wurin jana'iza, wannan ba ma abin tambaya ba ne. Ana bari sai matarsa ta fita takaba. Ranar da ta fita, da hantsi, Baba Tunau zai zo ƙofar gidan ya tsaya, ya buga taken mamacin a hankali, daga farko har ƙarshe. Sai ya ajiye gula a ƙasa ya ce ya rufe. Babban ɗa ya duƙa ya ɗauka ya miƙa masa. Daga ranar ba a sake jin kiɗin nan a duniya. Ba a ba ɗa, ba a ba ƙane, kowa sai an yi masa nasa. Na taɓa jin wani baƙo ya tambayi dattawa dalili, wani tsoho ya dube shi sheƙeƙe ya ce, kai kana so mace ta ɗauki kwando ta tafi tarbar wanda ba ya zuwa? Iyakar bayanin ke nan, kuma ya ishe mu.

Ina saurayi, gemu bai fito ba, wani ɗan kasuwa daga ƙetaren iyaka ya fara zuwa mana da atamfa da batir da turare. Hausarsa a cakuɗe da Dandanci, ga fara'a, kowa abokinsa ne. Wata rana bayan Sallah ya zo da rikoda mai cin kaset, ya ce yana so ya ɗauki kiɗin Baba Tunau don ya riƙa jin mu in ya koma gida. Gari duka ya taru a kwata. Baba Tunau ya bi taken kowane magidanci ɗaya bayan ɗaya, masu su suna zaune suna washe baki. Da aka mayar aka kunna, ganga ta yi magana daga cikin akwati alhali tana rataye a kafaɗar mai ita. Mata suka yi ta salati, babanmu ya yi dariya har da hawaye. Kafin baƙon ya tashi, Baba Tunau ya riƙe hannunsa.

"Amma da sharaɗi, ɗan'uwa. Duk ran da ka ji ɗaya cikin mutanen ga ya rasu, ka cire nashi daga ciki."

"An gama, Baba," in ji shi.

Dattawa suka gyaɗa kai, an yi magana gaban shaidu, shi ke nan. A tunaninsu kaset ɗaya ne a jakar mutum ɗaya, mutumin kuma mun san fuskarsa, mun ci tuwo da shi. Ba wanda ya san cewa abin nan haihuwa yake yi, ko masu karatun boko na cikinmu ba su hango ba.

Ba a daɗe ba babanmu ya kwanta ciwon ciki cikin damina, 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa. Inna ta yi takabarta. Ranar fita Baba Tunau ya zo ya buga, ya ce ya rufe, ni na duƙa na ɗauki gula don ni ne babba. Inna tana bayan zana, ban ji kukanta ba. Da yamma ta hura murhun bandarta ta koma aiki, tana karɓar ɗanyen kifi daga jiragen wasu tana bandawa. Zuciyarta ta fara kwanciya, har ta soma yi mana faɗa kamar da, mu kuwa muna jin daɗin faɗan don ya nuna ta dawo.

Sai ga bidiyo. Wani mai suna Isufu, daga can wajen Bagudo, ya kafa rumfar zana kan hanyar kwata, ya sa talabijin da janareto da bencina. Duk mun shiga, har da masu aure. Finafinan faɗa na Cana yake sawa da na Indiya, mu fito mu je kan yashi muna tsalle muna harbin iska, wani har ya gurɗe ƙafa. Amma tun lokacin akwai abin da ke damuna. Mutum za a soke shi yau, ya faɗi jini na zuba, 'yan kallo na tafi, gobe ka gan shi cikin wani fim ya sha mai ya canja riga. Jarumi ya kashe mutane cike da gida, ya kakkaɓe hannu ya tafi wurin budurwa a yi rawa cikin furanni. Wa zai yi musu wanka? Ba su da uwaye ne? Ba a taɓa nuna mana gidan ko ɗaya daga cikinsu ba lokacin da labari ya isa. Na yanzu ma sun fi lalacewa. An juye su cikin Hausa da bakin wani marar kunya, jikokina suna kwance da waya a kan ƙirji suna ƙyalƙyala dariya ana yanka mutum. In na yi magana su ce ai wasa ne, Kaka. Na sani wasa ne, ba jiya aka haife ni ba. Abin da nake cewa, masu wannan sana'a ba su ɗauki mutuwa komai ba, kuma a gidanmu aka fara nuna mini haka.

Isufu ya ɗaure lasifika a kan doguwar gwangwala don kiran 'yan kallo. Bayan la'asar, kafin ya sa fim, yakan saki kiɗi. Wata ranar kasuwa ya ƙetara iyaka ya dawo da sababbin kaset. Ni ina tsakar gida ina faskare, Inna na juya kifi kan murhu. Sai taken babanmu ya tashi daga wajen kwata, da ƙarfin da gangar Baba Tunau ba ta taɓa yi ba. Gatari ya tsaya a hannuna. Kafin in juya Inna ta riga ta suri kwando ta fita, ko mayafi ba ta gyara ba. Na bi ta ina kira, ba ta ji. Tafiya take irin tata ta da, da sauri, har da ɗan murmushi. Matan da ke wanki suka daina suka bi ta da ido. Sai da ƙafarta ta taɓa ruwa ta tsaya. Gulbi fayau, ba jirgi ko ɗaya, kiɗin kuwa daga bayanta yake fitowa, daga kan gwangwala. Ta daɗe a tsaye. Sa'an nan ta dubi kwandon da ke hannunta, ta ajiye shi kan yashi a hankali, ta rufe fuska da gefen zane ta koma gida. Kunya da baƙin ciki suka cika ni, na rasa wanda zan kama. Ni na ɗauko kwandon.

Mutane da yawa sun ɗauka Baba Tunau ne ya buga, har an fara cewa tsufa ya taɓa shi. Sai ga shi ya fito daga gida da gudu, ba hula, hannuwa biyu a sama yana nuna wa jama'a ba ganga ba gula. Dattawa suka je wurin Isufu. Gaskiya bai yi musu rashin kunya ba. Ya ce shi bai sani ba, mai shago ne ya ce masa kiɗin masunta ne, ya ga zai jawo masa 'yan kallo, kuma wancan mai zafin ya fi daɗi shi ya sa ya fara da shi. Ya zare kaset ɗin ya miƙa. Baba Tunau ya warware zaren ciki duka ya cusa a murhun Inna, muna kallo ya narke. Kowa ya yi ajiyar zuciya ya koma gida.

Ina, ai somawa aka yi. Kasuwa ta zagayo, sai ga shi daga rediyon mai shayi. Bayan nan daga wata motar ɗaukar kifi. Bayan nan daga wani jirgin inji na fasinja da ya wuce ta tsakiyar gulbi bai ma tsaya ba. Isufu kansa, da ya ga kowa na sawa, ya sake sayo wani, ya ce ai ba shi kaɗai ba ne. Baba Tunau ya ɗaura ɗamara ya ƙetara iyaka neman mai atamfa. Ya same shi ya bar atamfa ya buɗe shago, ga na'ura tana juye kiɗi daga wannan kaset zuwa wancan, ga kwalaye an cika za a kai kasuwanni. Ya tuna masa sharaɗi. Mutumin ya ba shi kujera, ya aika aka sayo masa lemo, ya ce ai murna ya kamata ya yi, yanzu har inda bai taɓa zuwa ba an san gangarsa. Batun cirewa kuwa, ya nuna kwalayen ya ce a cire daga wanne? Baba Tunau bai sha lemon ba, ya tashi ya shiga jirgi ya dawo gida.

Ɓarnar ba a gidanmu kaɗai ta tsaya ba, don taken masu rai ma yana ciki. Mace za ta ji na mijinta ta fito da kwando, ashe mai shayi ne. Aka yi haka aka kuma, sai mata suka daina fitowa. Ran da jirage suka dawo da gaske, Baba Tunau ya buga har hannunsa ya gaji, maza suka sauka ba kowa a kwata. Daga nan kifin da ake ba shi ya fara ƙanƙancewa. Kiɗinsa na cika kasuwanni, ana rawa da shi a bukukuwan mutanen da ko ƙugiya ba su taɓa riƙewa ba, shi kuma yana zaune kan tudu ba mai saurarensa. Shi ya sa idan na ji ana yabon masu harkar waƙa da fim a rediyo, wai suna raya al'ada, sai in ji kamar in tofar da yawu. Na ga yadda suke rayawa. Yanzu ma an fi sauƙaƙa abin. Ka tura sunanka ta waya zuwa wani ɗaki a birni, wanda bai taɓa ganinka ba ya cusa shi a gurbin da jiya sunan wani yake, a buga fiyano a kai, a ce an yi maka waƙa. Bai san yadda kake tsayuwa a jirgi ba, bai san ko kana da jirgin ba. Ka mutu yau, ba ruwansa, gobe a sa ta a gidan biki matarka na jiyowa ta katanga.

Inna kuwa duk lokacin da taken ya tashi sai ta zabura. Ta san ƙarya ne, ba ta sake kaiwa bakin ruwa ba, amma jikinta ya ƙi yarda. Za ta miƙe, ta kai hannu wajen kwando, sa'an nan ta koma ta zauna tana istigfari. Ta rame, idanunta suka zurma. Kifi ya sha ƙonewa a murhunta, abin da ba a taɓa ji ba. Kawunmu na Kende ya zo ya ce ta tattara ta koma can cikin manoma, nesa da gulbi. Ta ce ba akwatin da zai kore ta daga ɗakin mijinta. Wata safiya Baba Tunau ya yi sallama, ba ganga. Ya durƙusa a bakin zaure, tsoho da shi, ita tana bayan zana.

"Na zo in gaya miki na yi ƙarya gaban ɗiyanki," ya ce. "Na ce na rufe, ban rufe ba. Kuma ba ni iyawa."

Inna ta ce, "Tashi, Sarkin Kiɗi. Kai ka rufe naka. Saura nawa."

Ya tashi ya tafi yana share ido da hannun riga. Bai sake rataya ganga ba har ya bar duniya, kuma ba wanda ya gaje shi. Ni ban gane abin da Inna take nufi ba a lokacin. Na dai ga zaburar tana raguwa. Da miƙewa take yi, sai ya koma kai kawai take ɗagawa, sai ya koma hannu ne ke ɗan tsayawa. Maƙwabta suka ce alhamdu lillahi ta sami sauƙi, kumatunta ma sun dawo. Ni ma haka na ce.

Wata la'asar ina zaune kusa da ita ina fere mata tsinke, ita tana jera tarwaɗa kan murhu. Lasifikar Isufu ta saki taken babanmu. Wuƙa ta tsaya a hannuna kamar kullum, na dubi Inna. Hannunta bai tsaya ba. Ta ɗauki wata tarwaɗar ta lanƙwasa, ta soke, ta ɗora, ta ɗauki wata. Wani baƙin ciki ya kama ni wanda ban ji irinsa ba ko ranar jana'iza, don sai a ranar na tabbata an gama raba ta da shi, kuma da hannunta aka tilasta mata yi.

"Inna, ba ki jiya ba?"

Ba ta ɗago ba. Ta tura itace cikin wuta ta ce, "Na jiya. Kiɗi ne. Miƙo mini tsinke."